AMSA GA MASU SAURARO: Tsohon Rufin Asbesto A Makarantun Batsari Da Safana

   

A wannan mako takardu uku na ware daga cikin jaka, biyu daga ƙasar Batsari, ɗaya daga ƙasar Safana. Masu takardun ba su san juna ba, amma da na karanta sai na tarar duk a kan abu ɗaya suke tambaya, wato tsohon kwanon nan na siminti mai ruwan toka da aka rufe makarantunmu da shi, wanda ake kira asbesto. Saboda haka zan haɗa su in amsa, in Allah ya yarda.

TAMBAYA TA FARKO

Wannan ta fito ne daga wani dattijo, mamba a kwamitin kula da makarantar firamare ta wani ƙauye a ƙasar Ruma. Bayan gaisuwa, ya ce iskar farkon damina ta yaye rufin azuzuwa biyu, silin ma ya rufto ƙasa. Ya ce sun yi shawara za su yi gayya su sauke sauran kwanon, su sayar da masu kyan su sayi kwanon ƙarfe, ɓaraguzan kuma su cike ramukan hanya da su. Ana cikin haka sai wani malamin asibiti ya ce musu su dakata, akwai cuta a cikin abin, kuma akwai doka a kansa. Shi ne yake tambaya, shin gaskiya ne, ko dai so ake a kawo ɗan kwangila ya ci kuɗi?

AMSA

To Baba, mun gode da wannan takarda, kuma Allah ya saka wa kwamitinku da alheri saboda kishin 'ya'yanmu. Amma maganar malamin asibitin nan gaskiya ce. Ina roƙonku da ku ɗaga wannan gayya tukuna, kada garin neman gira a rasa ido.

Bari mu fara da sanin abin. Shi asbesto wani ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, a yau galibi daga Rasha da Kazakistan da Sin da Barazil. Dutse ne, amma idan aka fasa shi sai ya warware zare-zare kamar auduga. Wuta ba ta cinsa, ba ya tsatsa, gara ba ta taɓa shi. Shi ya sa masana'antu suka riƙa cuɗa shi da siminti, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, suna yin kwanon rufi da silin da bututun ruwa. A nan Nijeriya an kafa kamfanin Nigerite na Ikeja a 1959, daga baya aka sami irinsa a Enugu da Sapele da Kano da Bauchi. To da gwamnati ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, a 1976, aka shiga gina azuzuwa birni da ƙauye cikin gaggawa, irin wannan kaya yana cikin abin da ke kasuwa, ga araha, ga shi ba ya ɗaukar zafi kamar kwanon ƙarfe, kuma ruwan sama ba ya yin ƙara a kansa har ya hana malami magana. Kun ji yadda ya shigo mana. A lokacin nan muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, ba a ma ƙirƙiro Jihar Katsina ba sai a 1987. Ashe ke nan wasu daga cikin waɗannan rufe-rufe sun doshi shekara hamsin a kan rana da iska.

Ina cutar take? Cutar tana cikin ƙurarsa. Idan aka fasa shi, ko aka yanka da zarto, ko aka huda, ko aka kankare, sai waɗannan zarurruka su tashi cikin iska. Ƙanana ne ainun, ido ba ya ganinsu, ba su da wari, ba sa sa mutum atishawa balle ya ankara. Idan mutum ya shaƙe su sai su wuce can cikin huhu su maƙale, jiki kuma ba ya iya narkar da su. Daga nan ciwo iri uku ke fitowa. Akwai wanda huhu ke yin tabo ya ƙandare, numfashi ya riƙa yi wa mutum wuya ko da tafiya kaɗan ya yi. Akwai ciwon daji na huhu. Akwai kuma wani ciwon daji na tantanin da ya lulluɓe huhu, wanda kusan duk inda aka same shi asbesto ne sanadi, kuma likitoci ba su da maganin da ke warkar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda shaƙar wannan ƙura a wuraren aiki.

Abin da ya sa mutane ba sa yarda shi ne, ciwon ba ya fitowa nan da nan. Yakan ɗauki shekara 20, 30, har 40 kafin ya bayyana. To ku duba, dattijo mai shekara saba'in da yaro mai shekara bakwai, idan suka shaƙi ƙura ɗaya, wa ke da sauran shekarun da ciwon zai cim masa? Yaron ne. Wannan shi ne dalilin da ya sa maganar makaranta ta fi ta ko'ina nauyi.

Ni kaina da nake muku wannan bayani, kafin in zo gidan rediyo na yi koyarwa a firamare bayan na gama kwalejin horon malamai. Na tuna wata shekara silin ajinmu ya rufto, na sa yara suka kwashe da hannu, suka share da tsintsiya a bushe, ƙura ta turnuƙe ajin har muna dariyar yadda kawunansu suka yi fari. Wasu ma suka ɗebi gutsattsarin suna zane da su a ƙasa kamar alli. Wallahi ban san komai ba a lokacin, kuma babu wanda ya taɓa gaya mana a kwaleji. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sai dai ku saurara da kyau, domin ga inda maganar take. Kwanon asbesto da ke zaune lafiya a kan rufi, bai fashe ba, bai ruɓe ba, ba a taɓa shi, haɗarinsa kaɗan ne, saboda siminti ya riƙe zarurrukan. Babban haɗari yana zuwa ne ranar da aka hau shi da guduma. Wato mugun cirewa ya fi barinsa illa. Gayyar samari ashirin da guduma da shebur, yara na kallo, iska na kaɗawa, za ta tayar da ƙurar da rufin bai tayar ba a shekara arba'in.

MAGANAR DOKA

Baba ya tambaya ko da gaske akwai doka. Akwai. Tun bayan da aka gano shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnatin tarayya ta kafa doka mai tsanani a kan zubar da shara mai cutarwa. A 2007 aka kafa hukumar NESREA mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, a 2011 kuma aka fitar da ƙa'idojin aikin gine-gine a ƙarƙashinta, asbesto na cikin kayan haɗari da suka yi magana a kai. Abin nufi, ba kaya ba ne da kowa zai rushe ya zubar inda ya ga dama.

Sauran ƙasashe ma sun sha wannan fama. Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Ita Afirka ta Kudu a 2013 har ta sa doka cewa a sake gina makarantun da aka yi da asbesto zalla. Amma wadda na fi so ku ji ita ce ta Amurka, ta 1986, domin a kan makarantu aka yi ta. Ba ta ce a fasa kowane rufi ba. Cewa ta yi a binciki kowace makaranta a san inda abin yake, a rubuta a ajiye, a riƙa leƙawa duk wata shida, a sake cikakken bincike duk shekara uku, a sanar da iyaye, sa'an nan idan cirewa ta kama, sai wanda aka horar ne zai cire. Kun ga ƙasa mai kuɗi ma ba da guduma ta fara ba, da alƙalami ta fara.

Bugu da ƙari, ginin makarantar gwamnati ba na kwamiti ba ne. Firamare tana ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da hukumar SUBEB ta jiha. Idan kuka sauke kwanon kuka sayar ba da izini ba, ko da niyyarku mai kyau ce, gobe ana iya cewa kun sayar da kayan gwamnati.

To me za ku yi?

Na ɗaya, ku rufe azuzuwan nan biyu yau ɗin nan. A kewaye wurin da ƙaya ko igiya, a hana yara da dabbobi shiga. Gara a yi karatu a gindin bishiya na ɗan lokaci.

Na biyu, hedimasta da shugaban kwamiti su rubuta takarda zuwa ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, a faɗi yawan azuzuwa, da shekarar da aka gina su idan an sani, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ana zaton rufin asbesto ne. A ɗauki hoto da waya a haɗa. A ba dagaci kwafi ya kai wa hakimi, a ba duba-gari na sashen lafiya kwafi, ku ma ku riƙe naku da sa hannun wanda ya karɓa. Maganar baka iska ce, takarda ita ke bin sawu. A roƙi Sakataren ya sanar da SUBEB da Ma'aikatar Muhalli ta jiha.

Na uku, gutsattsarin da suka riga suka zube a fili inda yara ke wucewa, idan ba za a iya jira ba, manya biyu ko uku su kwashe, ba yara ba, kuma bayan an tashi daga makaranta. A fara jiƙa su sosai da ruwa mai ɗan garin sabulu. Famfon feshin gona yana yi, in an wanke shi tas, a fesa a hankali. A ɗauka da hannu cikin safar roba, kada a ƙara karya su. A naɗe cikin leda mai kauri ninki biyu a ɗaure. Ƙasan ajin a goge da jiƙaƙƙen tsumma, tsumman ma a jefa cikin ledar. Ban da tsintsiya a bushe. Kuma ku sani naɗa rawani a hanci ko takunkumin yadi ba ya tare wannan ƙura. Wanda ke tarewa shi ne mai lamba FFP3 ko P100, kuma sai ya kama fuska sosai.

Na huɗu, ranar da aka zo babban aiki, ku sa ido. A yi shi lokacin hutu. A jiƙa kwanon, a kwance ƙusoshi ko a yanke kawunansu, a sauko da kowane falle ɗungurungum da hannu, ba a wurgo shi daga sama ba. Kada a sa injin yanka. Kada kowa ya taka kwanon kai tsaye, domin tsohon asbesto yana burmawa da mutum, sai an shimfiɗa katako. Ma'aikata su tuɓe kayan aiki a wurin su yi wanka, kada su kai gida. A ƙasashen waje an sami matan da suka kamu da ciwon nan ba su taɓa shiga masana'anta ba, wankin kayan mazajensu kawai suke yi.

Na biyar, a binne shi a rami mai zurfi inda hukuma ta nuna, nesa da rijiya da fadama da gona, a sa alama don kada wani ya haƙa gobe. Ba a ƙona shi, ai na gaya muku wuta ba ta cinsa, fashewa kawai zai yi ya watsu. Cike hanya da shi kuwa shi ne mafi muni, domin kowace mota da babur da amalanke za su riƙa niƙa shi suna tayar wa gari.

Game da zargin ɗan kwangila, Baba, maganinsa shi ne ku nemi a rubuta waɗannan sharuɗɗa cikin takardar aikin, kuma ku tambaya tun farko, ina za a kai tsohon kwanon? Yanzu da ake gyaran makarantu, har da na shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 wanda Katsina ke ciki, kuma kwamitocin makarantu ke da hannu a aikin, wannan tambaya haƙƙinku ce.

TAMBAYA TA BIYU

Wani ɗan kasuwa daga yankin Runka a ƙasar Safana ya ce an yi masa tayin tsofaffin fallayen da aka cire daga wani gini, da araha ƙwarai. Yana so ya rufe rumfarsa da wasu, ya sayar da saura ga masu yin akurki da garken awaki. Ya ce yaya zai gane mai cutar da marar cutar?

AMSA

Alhaji, araha ba ta ado. Gaskiyar magana ido ba ya bambancewa. Akwai sabon kwanon siminti da ake yi yanzu da wasu zarurruka daban, babu asbesto a ciki, amma kamarsu ɗaya, sai an kai ɗakin gwaji ake tantancewa. Haka silin, akwai na kwali, akwai na roba, waɗannan ba su ne ba. Wanda ake magana shi ne mai tauri, mai ruwan toka, mai karyewa kamar tangaran. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce, duk kwanon siminti ko silin da ya fito daga tsohon gini, a ɗauke shi a matsayin asbesto har sai gwaji ya nuna ba shi ba ne.

Ka duba kuma abin da zai faru idan ka saya. Kafinta zai yanka shi da zarto ya daidaita da rumfarka, ya huda ya buga ƙusa, duk a tsakiyar kasuwa, kusa da mai tsire da mai fura. Wanda ya saya a hannunka zai kai cikin gida inda mata da yara suke wuni. Na sha ganin an ɗora gutsuren a kan murhu, ko an rufe bakin rumbu ko tukunya da shi. Duk a daina. Ribar da za ka samu ba ta kai alhakin da za ka ɗauka ba. Kuma idan daga makarantar gwamnati aka ciro su, ka tambayi mai sayarwa takardar izini, za ka ga ya fara kame-kame.

TAMBAYA TA UKU

Wata baiwar Allah ta sa an rubuto mana daga garin Batsari. Ta ce a shekarun da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauyensu, sun zauna wata da watanni a cikin wani aji mai fasasshen silin, ita da 'ya'yanta, har suna tarar ruwan sama daga rufin suna sha. Yanzu ɗanta yana tari, hankalinta ya tashi. An ce mata ta riƙa ba shi madara tana wanke ƙura.

AMSA

Hajiya, Allah ya ƙara mana zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa. Ki kwantar da hankalinki. Yawancin waɗanda ciwon nan ke kamawa mutane ne da suka yi shekaru suna aiki cikin ƙurarsa. Ba a ce zama kaɗan ba shi da haɗari sam ba, amma haɗarinsa ƙarami ne. Kuma kamar yadda na faɗa, ba ya fitowa sai bayan shekaru masu yawa, saboda haka da wuya ƙwarai tarin yaron nan ya zama na asbesto. Abin da ya kamata ki yi shi ne, duk tarin da ya wuce mako biyu a kai asibiti a gwada majina, domin tarin fuka ya fi kusa, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware.

Ruwan da kuka sha kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a sami tabbatacciyar hujja cewa haɗiye asbesto cikin ruwa yana cutarwa ba. Shaƙa ita ce matsala. Madara abinci ce mai kyau, ki ba shi in da hali, amma ciki take tafiya, ba ta zuwa huhu balle ta wanke shi. Babban abin da za ki yi wa yaron nan shi ne idan ya girma ki hana shi shan taba, domin taba da ƙurar asbesto idan suka haɗu a huhu ɗaya, haɗarin ciwon daji yana ninkuwa sosai. Wannan gargaɗi har da ku kafintoci da magina da kuka daɗe kuna yankan wannan kaya. Idan kun je asibiti da ciwon ƙirji, ku gaya wa likita irin aikin da kuka yi.

Jama'a, makarantu da dama a ƙasar Batsari da Safana sun yi shekaru a rufe saboda rashin tsaro, rufinsu ya lalace babu mai dubawa. Duk inda aka koma za a buɗe, abu na farko da ake yi shi ne a tara yara da tsintsiya. Ina roƙon hedimastoci da iyaye, kafin a miƙa wa yaro tsintsiya, babba ya shiga ya ɗaga kai ya dubi silin, ya dubi ƙasa. In ya ga irin abin da muka bayyana, a ja ƙofa a rubuta takarda.

Baba na ƙasar Ruma, muna jiran ka sake rubuto mana ka gaya mana amsar da kuka samu daga ofishin ilimi, za mu karanta a wannan fili. Sauran takardun da ba mu kai gare su ba, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya raya mana zuriya, ya tsare mu da abin da muka sani da wanda ba mu sani ba.